Yadda Selil Ke Kwafe ADN, da Bitar da Ta Rage a Hannunmu

 

 Da masu shirya taro suka ce in zo in yi magana a kan abin da nake karantawa a jami'a, na ce musu ni fa ɗalibi ne, ban kai malami ba. Suka ce ai ɗalibin suke so. To, ga ni. In na yi tuntuɓe, akwai malamai zaune, sai su gyara mini.

Zan fara da wani abu da ya same mu a lise, shekarar da za mu yi bak. Wata safiya ruwan sama ya tsare mu, mu biyar ba mu samu darasin farko ba. Sai muka ari littafin wani abokinmu. Ni na kwafa daga nasa, na biyu ya kwafa daga nawa, haka har na biyar. Ashe wajen kwafa daga allo, abokin nan ya rubuta 7 a inda mushe ya rubuta 1. Ranar gwaji duk mu shida muka faɗi tambayar, da amsa iri ɗaya. Mushe ya ɗauka satar amsa muka yi. Alhali ba wanda ya yi sata. Kowannenmu ya kwafa da gaskiya, ba ragi ba ƙari, har da kuskuren. Ku riƙe mini wannan labari, za mu dawo kansa.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda a aji muke ce wa selil. Babban mutum yana da kamar miliyar dubu 30 daga cikinsu. Amma kowannenmu da selil ɗaya tak ya fara a cikin mahaifiyarsa. Ɗaya ya rabu biyu, biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas, har aka haifi jariri. Kuma rabuwar ba ta tsaya ranar haihuwa ba. Yanzu haka da kuke zaune, ɓargon ƙashinku yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini kamar miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Fatar cikin hanjinku cikin ƴan kwanaki take sabuntuwa. Wanda ya yanke a yatsa, da wannan rabuwar ciwon ke warkewa.

A tsakiyar selil akwai wata cibiya, a cikinta akwai littafin da ke ɗauke da tsarin ginin jiki duka. Shi ne ADN. Ƴan'uwanmu na Najeriya da suka yi karatu da Turancin Ingilishi DNA suke ce masa, abu ɗaya ne. A 1869 wani matashin likita ɗan Suwizalan mai suna Friedrich Miescher ya fara tace shi a Jamus, daga mugunyar da ke jikin bandejin masu rauni, ba tare da ya san me ya riƙe a hannunsa ba. Littafin nan da haruffa huɗu kawai aka rubuta shi: A, T, G da C. Kwafi ɗaya yana da haruffa kamar miliyar 3, kuma selil mai cibiya yawanci kwafi biyu yake da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. An raba su cikin kundaye 46 da ake kira kuromozom, 23 daga kowane ɓangare. In da za a warware ADN na selil ɗaya a miƙe shi, zai kai kamar mita 2, ga shi kuma an naɗe shi a wurin da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. In da mutum zai zauna yana karanta harafi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya yi kusan shekara 190 kafin ya sauke.

To ga tambayar: duk lokacin da selil zai rabu biyu, kowane ɓangare yana bukatar cikakken littafi. Ke nan sai an kwafe haruffa miliyar 6 kafin a rabu. Ta yaya?

Amsar tana cikin siffar ADN ɗin kanta. A 1953, a Kambirij ta Ingila, James Watson da Francis Crick suka bayyana wannan siffa, kuma sun dogara sosai da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Ku ɗauka tsani ne aka murɗe shi kamar igiya. Kowane matakin tsanin haruffa biyu ne riƙe da juna, ɗaya daga layin dama, ɗaya daga layin hagu. Kuma ba kowane harafi ke riƙe kowane ba. A da T suke haɗuwa, G da C suke haɗuwa. Shi ke nan ƙa'idar. Don haka in na ce muku layin dama A, G, G, T ne, ko ba ku ga na hagu ba kun san shi: T, C, C, A. Kowane layi yana ɗauke da labarin ɗan'uwansa. In aka tsaga tsanin biyu, kowane rabi ya isa a sake gina abin da ya ɓace.

Wannan da farko hasashe ne. A 1958 wasu matasa biyu a Kalifoniya ta Amurka, Matthew Meselson da Franklin Stahl, suka gwada shi. Sun yi kiwon bakteriya a cikin abinci mai nau'in azot mai nauyi, har ADN ɗinsu duk ya yi nauyi. Sannan suka mayar da su abinci mai azot marar nauyi. Bayan rabuwa ɗaya suka auna, sai suka ga ADN ɗin duk ya tsaya tsaka-tsaki, bai kai mai nauyi ba, ya kuma fi marar nauyi. Bayan rabuwa ta biyu, rabi tsaka-tsaki, rabi marar nauyi. Abin da hakan ke nufi shi ne, kowane sabon tsani rabinsa tsoho ne, rabinsa sabo. Tsohon layin shi ne allon da ake kwafa daga gare shi.

Yanzu bari mu shiga wurin aikin mu ga ma'aikatan. Dukkansu furotin ne, waɗanda ake kira anzim, kowa da aikinsa.

Na farko elikaz. Shi ke bin tsanin yana buɗe shi kamar yadda ake zuge zif. Amma duk wanda ya taɓa warware igiyar guga ya san in kana raba zaren ta nan, can gaba murɗewa take ƙara yi har ta ƙulle. Shi ya sa akwai na biyu, topo'izomeraz, yana gaba yana yanka igiyar, ta saki, ya sake haɗa ta. Irin wannan ma'aikacin na bakteriya shi maganin siprofulokzasin ke toshewa, sai ƙwayar cutar ta kasa kwafe littafinta, ta mutu.

Na uku shi ne babban marubuci, polimeraz, wanda Arthur Kornberg ya fara gano irinsa a 1956. Yana bin tsohon layi harafi bayan harafi. In ya ga A ya sa T, in ya ga G ya sa C. Sai dai yana da halaye biyu. Na ɗaya, ba ya iya fara rubutu a kan farar takarda, sai wani ya fara masa. Don haka akwai wani ma'aikaci, pirimaz, mai fara ƴan haruffa kamar goma da wani abu mai kama da ADN da ake kira ARN. Ku ɗauka da fensir ya rubuta, daga baya za a goge a maye da bik. Na biyu, polimeraz ta fuska ɗaya kawai yake rubutu, ba ya juyawa.

Wannan hali na biyun shi ke kawo matsala, domin layukan tsanin biyu ba fuska ɗaya suke kallo ba. Mu da muka saba da rubutu iri biyu za mu fi kowa ganewa. Ku ɗauka layi ɗaya boko ne, daga hagu zuwa dama, ɗayan kuma ajami ne, daga dama zuwa hagu, kuma takardar a naɗe take, ana warware ta a hankali daga hagu zuwa dama. Mai kwafe boko ya huta: takarda na buɗewa, yana bin ta. Mai kwafe ajami fa? Sai ya jira a buɗe wani yanki, ya tsallaka ƙarshensa, ya rubuto baya. A sake buɗe wani, ya sake tsallakawa, ya rubuto baya. Nasa rubutun guntu-guntu zai fito. Haka abin yake a selil. Wasu masu bincike ƴan Japan, miji da mata, Reiji da Tsuneko Okazaki, su suka nuna waɗannan guntayen a 1968, har yau da sunansu ake kiran su. Daga ƙarshe sai wani ma'aikaci, ligaz, ya bi yana ɗinke guntayen su zama layi guda.

Saurin aikin fa? A bakteriyar da ke hanjinmu, marubucin yana sa haruffa kamar 1,000 a daƙiƙa, ya gama littafin mai haruffa miliyan 4 da ɗoriya cikin minti 40. Namu bai kai haka ba, kamar 50 ne a daƙiƙa. In da daga wuri ɗaya za a fara, kuromozom ɗinmu mafi girma shi kaɗai zai ci kusan wata guda. Sai selil ya yi abin da manoma ke yi in gona ta yi faɗi: gayya. A dubban wurare ake buɗe littafin, kowane rukuni ya kama yankinsa har ya haɗu da maƙwabcinsa. Cikin kamar awa 8 an gama.

To, aiki mai yawa haka, da sauri haka, ba kuskure? Akwai. Amma akwai bita har hawa uku.

Hawa na farko shi ne zaɓen harafin. Harafin da bai dace ba ba ya zama daidai a gurbin, don haka marubucin yakan yi kuskure kamar sau ɗaya cikin haruffa dubu 100. Kamar kaɗan ne, ko? Ku lissafa da miliyar 6, za ku samu kurakurai dubu 60 a rabuwa ɗaya. Ba jikin da zai rayu da haka.

Hawa na biyu, marubucin da kansa yana duba abin da ya rubuta. In ya sa harafin da ba shi ba, bakin layin ba ya zama lafiya, sai ya tsaya, ya ja baya, ya cire shi, ya sa na daidai. Wannan yana mayar da kuskuren kamar ɗaya cikin miliyan 10.

Hawa na uku, wasu ma'aikatan suna biyo baya suna shafa sabon tsanin. Inda haruffa biyu ba su dace ba akwai ɗan tudu. In sun ji shi, sai su gane wane layi ne sabo, su yanke wannan yankin nasa, a sake rubutawa daga tsohon. Bayan wannan, abin da ke tsira bai wuce ɗaya cikin miliyar ba. A littafin duka, ƴan ƙalilan ne. A 2015 kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta je wa mutum uku da suka gano hanyoyin gyaran ADN: Tomas Lindahl, Paul Modrich da Aziz Sancar. Shi Sancar a wani ƙaramin gari na kudu maso gabashin Turkiyya aka haife shi, kuma iyayensa ba su iya karatu da rubutu ba. Na faɗi wannan ne saboda ƙannena da ke nan masu ganin kimiyya ta ƴaƴan wasu ce.

Yanzu mu zo inda nake son mu tsaya. Me ke faruwa da kuskuren da ya tsallake hawa ukun nan? A rabuwa ta gaba za a sake tsaga tsanin, layin da ke da kuskure ya zama shi ne allo. Marubuci zai zo ya ba harafin kuskuren abokinsa na daidai. Tudu ya ɓace. Daga ranar ba ma'aikacin da zai ƙara gane wurin, domin su dacewar haruffa suke dubawa, ba sa karanta ma'ana. Kun tuna 7 ɗin abokina? Da ta shiga littafina, ta zama ita ce darasi.

Yawancin irin waɗannan canje-canje ba sa komai. Kowane jariri ma yana zuwa da sababbin haruffa kamar 60 ko 70 da babu su a littafin uwa ko na uba. Wasu in suka taru a selil ɗaya, a wuraren da ke tsare rabuwa, su ke kawo ciwon daji, kuma hayaƙin taba da na shisha suna ƙara lalata ADN, wannan tabbas ne. In kuma canjin ya faɗa a ƙwan mace ko a maniyyin namiji, to ya shiga gado.

Akwai wani gado irin wannan da ba wanda bai san shi ba a ɗakin nan: emasi, wanda a Najeriya ake ce wa sikila ko amosanin jini. A kuromozom na 11 akwai umarnin ƙera wani sashe na emogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini. A wani gurbi an rubuta G, A, G. Dubban shekaru da suka wuce, a jikin wani kaka da ba wanda ya san sunansa, A ɗin nan ta zama T. Harafi ɗaya cikin miliyar 3. Vernon Ingram ne ya nuna a 1956 da 1957 cewa tubali ɗaya tak ya bambanta emogulobin mai emasi da na kowa. Saboda wannan tubali, in iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jinin sai ta ƙandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi yake fitowa. Ƙwayar jini mai lafiya tana kwana 120, wannan kuwa 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini yake fitowa.

Me ya sa harafin ya yawaita a ƙasashenmu? Domin wanda ya gaji kwafi ɗaya kawai, wato AS, yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954. Harafin ya ceci yara da yawa daga cikin kakanninmu, su kuma suka ba mu shi. A yankinmu kamar mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da shi, lafiyarsa lau, bai ma sani ba.

Ni ban koyi wannan a aji kawai ba. Ɗan yayata yana da shekara 6, SS ne. Tun yana wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura. An ce iska ce, an ce baki ne, an sha jiƙe-jiƙe, kafin a auna jininsa. Duk lokacin ɗari gidanmu ba a barci. Na taɓa kwana a kan babur ina bin abokai gida-gida ina neman mai ba da jini. Yayata da mijinta ba dangi ba ne, ba wanda ya taɓa kwanciya ciwo a cikinsu, kuma ba wanda ya ce musu su auna kafin aure. Ba laifinsu ba ne. Jikin kowannensu ya kwafe abin da aka ba shi da gaskiya, ya miƙa. Bayan haka na je na auna nawa. Ni ma AS ne.

Lissafin ba shi da wuya. In AS ya auri AS, a kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Ku lura, a kowane ciki na ce. Ciki ba ya tuna wanda ya gabace shi. Akwai gidan da aka haifi biyar ba SS ko ɗaya, akwai gidan da aka jera uku. Akwai kuma wani harafin da ake kira C a nan Afirka ta Yamma, wanda in ya haɗu da S shi ma yana kawo ciwon. In kuma ɗaya daga cikin ma'auratan AA ne, ba za su haifi SS ba, ko da ɗayan SS ne.

Selil ya yi bita uku, ya tsaya inda ikonsa ya ƙare. Ta huɗun tana hannunmu, domin mu aka ba hankalin karanta ma'ana. Awon jini ne da ake kira elektoroforez na emogulobin, sau ɗaya ake yin sa a rayuwa, sakamakon ba ya canzawa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta musamman ta masu emasi, a jihohi kuma ku tambaya a babban asibiti inda ake yin sa. Awon ba ya goge harafin. Abin da yake yi shi ne ya sa mutum ya yanke shawara ido buɗe.

Don haka ina roƙon mu abu uku. Na ɗaya, kowa ya san nasa tun yanzu, tun kafin zuciya ta kama wani, tun kafin a kai goro. Ranar da aka sa rana, magana ta yi nauyi, ba kowa ke iya jin gaskiya ba. Na biyu, in sakamako ya fito AS da AS, a zauna da likita da iyaye a fahimci abin da ke gaba. Shawarar ta masu auren ce, kada mu zama masu yi musu hukunci a bakin titi. Na uku, masu SS ƴan'uwanmu ne, wasu ma suna zaune cikinmu yau. Da kulawar asibiti, da rigakafi, da gidan sauro, da shan ruwa sosai, da kiyaye sanyi, suna karatu, suna aiki, suna aure. Kada a kira su da sunan ciwonsu. Masu lafiya a cikinmu kuma mu saba da ba da jini tun kafin a buga mana ƙofa da tsakar dare. Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar emasi ta duniya. Ina ba shugabanni shawara, in ta zagayo, mu je mu auna tare, mu ba da jini tare.

Ni dai takardata tana cikin jaka. Ranar da Allah ya kawo lokaci, ita zan fara nunawa, sannan in tambayi tata. Na san tambayar da nauyi a baki. Amma na ga yayata zaune a bakin gadon asibiti har asuba, na san wanne ya fi nauyi.

 Abin da na yi daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure malamai su yi mini bita kafin wani ya kwafa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa iyayensu haƙuri.